Ina Ungulu Ta Shiga? Nazari a Kan Ɓacewar Tsuntsuwar da Ke Share Gari

Gabatarwa

Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza. Wannan karin magana ya samo asali ne daga abin da mutane suka saba gani yau da gobe, wato duk inda aka hango ungulaye suna shawagi a sama, to akwai yanka ko mushe a ƙasa. Amma ɗalibin da ke zaune a Unguwar Mu'azu cikin garin Kaduna a yau yana iya kammala sakandare bai taɓa ganin ungulu ido da ido ba, alhali kuwa unguwarsu ba ta da nisa da Tudun Wada, inda kasuwar dabbobi ta Zango da kwatarta suke. Iyayensa da kakanninsa sun tashi ne a zamanin da ba a raba kwata da ungulu a garuruwan Arewa. A kan rufin kwanon kasuwa, a kan juji, a kan tsamiya da rimi, ko'ina sai an gan ta, har ta zama abin raini saboda yawanta.

Idan aka tambayi mutane inda ta shiga, wasu kan ce ta yi ƙaura zuwa daji, wasu kuma su ce hayaniyar birni ce ta kore ta. Binciken masana ya nuna cewa lamarin ya wuce haka. Ungulu tana raguwa a birni da daji baki ɗaya, kuma dalilin shi ne ana kashe ta da sauri fiye da yadda take iya hayayyafa. Wannan maƙala za ta bayyana irin halittar wannan tsuntsuwa, da aikin da take yi wa gari, da abubuwan da suka jawo raguwarta, da kuma matakan da ake ɗauka don ceto ta.

Wace Ce Ungulu?

Ungulu tana cikin dangin tsuntsaye masu cin nama, danginsu ɗaya da shaho da shirwa da gaggafa. Bambancinta da su shi ne, su mafarauta ne masu kama abinci da rai, ita kuwa ta dogara ne ga abin da ya riga ya mutu. Akwai ire-iren ungulu 11 a nahiyar Afirka, kuma an san 7 daga cikinsu a Nijeriya. Wadda Bahaushe ya fi sani, ta kwata da kasuwa, ita ce masana ke kira Necrosyrtes monachus. Ba ta da girma sosai in an kwatanta ta da 'yan'uwanta: nauyinta bai cika wuce kilo 2 da rabi ba, faɗin fukafukanta kuwa idan ta buɗe su yakan kai mita 1 da rabi ko ya ɗan fi. Babbar 'yar'uwarta ita ce mikiya ko maiki, mai zama a daji da duwatsu, wadda masana ke kira Gyps rueppelli. Ita ce tsuntsuwar da aka tabbatar ta fi kowace tashi sama, domin a watan Nuwamba na 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya a sararin samaniyar Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, a nisan kimanin mita 11,300 daga ƙasa.

Duk wata gaɓa ta jikin ungulu ta dace da sana'arta. Sanƙon kanta da rashin gashi a wuyanta, waɗanda ake yi mata ba'a da su, suna ba ta damar cusa kai cikin mushe ba tare da jini da ƙazanta sun manne mata ba, suna kuma taimaka mata wajen rage zafin jiki. Bakinta siriri ne dogo, wanda ke tsinto ɗan naman da ya maƙale tsakanin ƙasusuwa. Da ido take neman abinci, kuma idonta yana da kaifi ƙwarai. Idan hantsi ya yi, rana ta ɗumama ƙasa, iska mai ɗumi takan taso sama, sai ungulu ta buɗe fukafukai ta hau kan wannan iska tana kewayawa ba tare da ta kaɗa su ba. Wannan ita ce jewar da karin magana ya ambata. A can sama kowace tana lura da ƙasa, tana kuma lura da 'yan'uwanta, da zarar ɗaya ta sauka sai sauran su biyo ta daga nesa. Shi ya sa cikin ɗan lokaci kaɗan sukan taru da yawa a kan mushe guda.

Sai kuma batun haihuwa, wanda shi ne ginshiƙin wannan bayani. Ungulu takan yi sheƙa a can ƙololuwar dogayen itatuwa irin su kuka da rimi da giginya da maɗaci, galibi a lokacin rani. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Mace da namiji su yi ta karɓa-karɓar kwanci har kimanin kwana 50 kafin a ƙyanƙyashe, ɗan kuma ya yi wata 3 zuwa 4 a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashi ma iyayen su ci gaba da ciyar da shi na wasu watanni. Shi kansa sai ya yi shekaru da dama kafin ya isa haihuwa. Mai karatu ya kwatanta wannan da zabuwa, wadda ke zuba ƙwai masu yawa a damina guda. Tsuntsuwar da ke haihuwa a hankali kamar ungulu ta dogara ne ga tsawon rai, saboda haka mutuwar babba guda asara ce da ake daɗewa ba a mayar ba.

Aikin da Take Yi wa Gari

Mushe da jini da tumbin da aka zubar a bayan kwata, in aka bar su cikin zafin rana, wuri ne da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, ƙudaje kuma su kwasa su kai kan abinci. Ungulu takan cinye irin waɗannan abubuwa kafin su ruɓe. Ruwan da ke narkar da abinci a cikinta yana da tsananin tsami, wanda ke kashe galibin ƙwayoyin cutar da ta haɗiya, don haka abin da zai kwantar da wata dabba ita ba ya yi mata kome. Ba a biyan ta ko kwabo, ba ta bukatar mota ko man fetur, kuma ba ta fashin aiki.

Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi a ƙasar Kenya, wanda aka buga a 2012, ya gwada abin da ke faruwa idan babu ungulu. Sun gano cewa mushen da ungulaye ba su samu ba yakan ɗauki lokaci kusan ninki uku kafin ya ƙare, sa'annan dabbobi masu cin mushe irin su kura da dila sun fi taruwa a kansa, suna daɗewa, suna cuɗanya da juna. Irin wannan cuɗanya ita ce hanyar da cututtuka ke bi daga wata dabba zuwa wata. A cikin gari, masu gadon aikin ungulu su ne karnukan da ba su da iyayengiji da ɓeraye da ƙudaje, kuma duk cikinsu babu wanda bai fi ta kusantar ɗakin kwanan mutane ba.

Abin da Ƙidaya Ta Nuna

A farkon shekarun 1970 wani masani mai suna Peter Mundy ya yi nazarin ungulu a Sakkwato, saboda a lokacin garin cike yake da ita. Shi ne daga bisani ya jagoranci rubuta babban littafin nan a kan ungulayen Afirka da aka buga a 1992. A daidai wancan lokaci, tsakanin 1969 da 1973, wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi dogayen hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama. Bayan shekara 30, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan da irin tsarin da ya bi da farko. Ya tarar manyan ungulaye na daji sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandayen da hukuma ke tsaro, ungulun gari kuwa ta ragu da kashi 45 cikin 100.

A 2015 Ogada da wasu masana suka tattara ƙidayar da aka yi a sassa daban-daban na Afirka, suka gano cewa ire-iren ungulu 8 sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a cikin shekara 30. Ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sanya ungulun gari cikin jerin masu haɗari a 2011, sa'annan a 2015 ta matsar da ita zuwa mataki na ƙarshe kafin ɓacewa daga daji. Mikiya ma tana wannan mataki. Wani nazari da aka buga a 2024 a kan ire-iren tsuntsaye masu cin nama 42 na filayen Afirka ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna raguwa, kuma abin ya fi muni a Afirka ta Yamma.

Mai karatu na iya tambaya, yaya aka yi irin wannan asara ta auku ba a farga ba? Lissafi mai sauƙi zai ba da amsa, kuma malamai na iya gwada shi a aji. A ɗauka gari yana da ungulu 100, kuma kowace shekara waɗanda ke mutuwa sun fi waɗanda ake ƙyanƙyashewa da kashi 3 cikin 100 kacal. Baɗi za a sami 97, kuma babu mahaucin da zai lura da bambanci. Amma in aka ci gaba da haka shekara 30, saura 40 kawai. In asarar ta kai kashi 5 cikin 100, rabin garken zai tafi cikin shekara 14. Abin da ke tafiya da kaɗan-kaɗan ba ya tayar da hankali, sai ranar da aka ɗaga kai aka ga sama fayau.

Abubuwan da Ke Kashe Ta

Nazarin nan na 2015 ya kuma duba musabbabin mutuwar dubban ungulaye da aka rubuta labarinsu a ƙasashen Afirka. Guba ce ta kashe kashi 61 cikin 100, cinikin sassan jiki don maganin gargajiya da tsibbu ya ci kashi 29, wayoyin lantarki da turakunsu suka ci kashi 9. Ke nan guba da ciniki su kaɗai sun ɗauki 9 cikin kowace 10.

Guba tana zuwa ta fuska biyu. Ta farko ita ce wadda ba ungulu aka nufa ba, kamar makiyayin da kura ko karnuka suka yi wa ɓarna, ya barbaɗa maganin ƙwari na gona irin su carbofuran a jikin mushe don ya rama. Kafin kura ta zo da dare, ungulaye sun riga ta da rana. Ta biyu ita ce wadda ake sa wa da gangan. A watan Yuni na 2019 an tsinci gawar ungulaye 537 a ƙasar Botsuwana kusa da mushen giwaye 3 da ɓarayin haure suka sa wa guba, domin jewar ungulu tana tona asirinsu ga masu gadin daji. A nan ne halin nan nata na taruwa a kan abinci guda ya zame mata bala'i: mushe ɗaya yana iya gamawa da ungulayen yanki sukutum a wuni guda.

A Afirka ta Yamma kuwa, ciniki shi ne kan gaba. Wasu mutane sun yi imani cewa kan ungulu ko ƙwaƙwalwarta ko ƙafarta ko ƙwanta suna maganin taɓin hankali da farfaɗiya da sammu, ko suna kawo sa'a a kasuwa da caca da takara. Babu wani binciken kimiyya da ya tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da aka tabbatar shi ne yawancin tsuntsayen da guba ake kama su, kuma gubar takan saura a jikinsu, saboda haka mai neman lafiya yana iya sayen cuta da kuɗinsa. Binciken da Yohanna Saidu da Ralph Buij suka buga a 2013 a kan kasuwannin Arewacin Nijeriya ya nuna ungulun gari ce aka fi sayarwa, kuma ana shigo da ita har daga Nijar da Cadi da Kamaru da Binin da Sudan. Wannan shi kansa shaida ne cewa ta gida ta yi ƙaranci. Wani nazarin da aka buga a 2016 a kan kasuwannin ƙasashe 12 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na gawarwakin tsuntsaye masu cin nama da aka ƙirga a Nijeriya suke. Tun da kaya ya yi wuya kuɗinsa ya tashi, tashin kuɗin kuma ya ƙara wa mafarauta ƙaimi, sai abin ya zama kamar gobarar da ke hura kanta.

Illar wannan kasuwa ta tsallake iyakoki. A farkon 2020 an kashe ungulaye fiye da 2,000 da guba a yankunan Bafata da Gabu na ƙasar Gine-Bisau, da yawa daga cikinsu an same su babu kai. Kafin wannan, wata farar ungulu irin wadda ake kira ta Masar, da masana suka sa wa suna Paschalis suka kuma ɗaura mata na'urar bin sawu a ƙasar Girka, ta ƙetare teku da hamadar Sahara lafiya, amma a farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta a Jamhuriyar Nijar da nufin sayarwa a Nijeriya.

Bayan waɗannan akwai sarar manyan itatuwa don katako da gawayi da gine-gine, wadda ke raba ungulu da wurin sheƙa. Garin Kaduna ya faɗaɗa ƙwarai, unguwanni sun haɗe da juna, kuma dogayen itatuwan da ke gefen gari su ne kan fara faɗuwa. Haka nan namun daji sun ragu, kuma a kwata kusan babu abin da ake zubarwa yanzu, domin jini da ƙashi da ƙaho duk sun zama kayan sayarwa.

Darasi Daga Indiya

Ƙasar Indiya ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyo bayan rashin ungulu. A shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar ba da daɗewa ba, sai ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ba a gano musabbabin ba sai a binciken da aka yi a Pakistan aka buga a 2004, kuma Indiya da Pakistan da Nefal suka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan aikin gama ya gama, domin wani nau'in ungulu da a da ake ƙirga shi da miliyoyi ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Akwai wani magani mai suna meloxicam da ke yin aiki iri ɗaya ga shanu ba tare da cutar da ungulu ba, kuma shi ne ya kamata likitocin dabbobi da makiyaya su riƙa zaɓa.

Matakan Ceto

Ta fuskar doka, Nijeriya ta kafa doka a 1985 mai kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka tsananta hukuncinta, kuma ungulaye na cikin tsuntsayen da ta shafa. Hukumar NESREA da jami'an kwastan suna cikin masu alhakin aiwatar da ita. A watan Oktoba na 2017, a birnin Manila na ƙasar Filifin, ƙasashen duniya suka amince da shirin ceto ire-iren ungulu 15 na Afirka da Turai da Asiya, daga baya kuma ƙasashen Afirka ta Yamma suka tsara nasu na shekara 20, daga 2023 zuwa 2043. Sai dai doka a takarda ba ta hana ciniki muddin mai saye yana nan.

Wannan ne ya sa Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, ta bi ta wata hanya, wato zama da masu maganin gargajiya kansu. Tare da ƙungiyoyinsu aka tattara sunayen itatuwa da tsirrai da su masu maganin suka yarda za su iya amfani da su a madadin sassan ungulu. Hikimar ita ce, mai magani ya fi jin maganar ɗan'uwansa mai magani fiye da ta baƙo. Ta fuskar ilimi kuwa, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos tana horar da matasa, tana kuma jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, inda masu sa kai ke rubuta tsuntsayen da suka gani da wurin da suka gan su ta wayar hannu.

A nan ne makarantun sakandare ke da rawar takawa. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta a Unguwar Mu'azu ko Tudun Wada ko Rigasa tana iya neman izinin Sarkin Fawa, ta riƙa zuwa kwata sau ɗaya a wata, a rana ɗaya da lokaci ɗaya, ta ƙirga ungulu da shirwa da hankaka na tsawon sa'a guda. Ko da ba a ga ungulu ko ɗaya ba, a rubuta sifiri, domin a kimiyya sifiri ma sakamako ne. Ɗalibai na iya zama da dattawan mahauta su tambaye su shekarun da suka daina ganin ta da itatuwan da take kwana a kai, su rubuta, tun da wannan tarihi ne da babu shi a littafi. Wanda ya san itacen da ke da sheƙa ya sanar da mai unguwa don a hana sara, amma kada ya yayata wurin ga kowa. Wanda ya ga tsuntsaye da yawa a mace kusa da mushe kada ya taɓa su da hannu, ya sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa domin a binne ko a ƙone mushen kafin wasu su ci. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, dama ce ta shirya muhawara ko lacca a makaranta.

Kammalawa

A taƙaice dai, ungulu tana yin ƙwai ɗaya a shekara, tana kuma taruwa da yawa a kan abinci guda. Hali na farko ya sa ba ta iya mayar da asara da wuri, na biyu ya sa ana iya kashe ɗaruruwa da cokalin guba. Saboda haka babban matakin ceto shi ne hana kashe manya, wato a toshe kasuwar sassan jikinta, a daina sa wa mushe guba, a kuma bar mata dogayen itatuwa. A Indiya, bayan hana maganin nan, raguwar ta tsaya a wurare da dama, amma har yanzu adadin bai kusanci na da ba, ko da yake an yi kusan shekara 20. Wannan ya nuna cewa kare ragowar da ke akwai ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba a kan ƙoƙarin dawo da ita bayan ta ƙare, kuma ragowar nan tana hannun mahauta da makiyaya da masu magani da mafarauta, da kuma 'ya'yansu da ke zaune a aji yau.